Tunda Bill Gates ya bar Microsoft, in ci gaba da zuba jarina a Windows ko in juya?

Abu Khalil, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah a karanta har ƙarshe kafin a amsa.

Ina da cibiyar koyar da kwamfuta, shekara tara ke nan. Kwamfutoci goma sha takwas ne, duk na tebur, duk Windows 10 ce a kansu. Word da Excel da PowerPoint muke koyarwa, sai yara masu shirin JAMB da muke saba musu da linzamin kwamfuta don kada hannu ya yi musu rawa ranar jarrabawa. Kun san tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina tura wa Windows 10 gyaran tsaro. Na gwada ɗora Windows 11, uku ne kawai suka karɓa. Sauran ba su da TPM 2.0, wata 'yar na'urar tsaro da Windows 11 take buƙata, firosesansu (ƙwaƙwalwar kwamfuta) kuma ya tsufa.

Na tara naira miliyan huɗu. Ko dai in sayi kwamfutoci na hannu masu ɗaukar Windows 11, ko kuma in ɗora Linux, manhajar kyauta da ke maye gurbin Windows, a kan tsofaffin in kai kuɗin ga sola. Kawuna, wanda yake da kashi ɗaya cikin uku na jarin, ya kafe. Ya ce shi tun da ya daina jin sunan Bill Gates sai a labarin rigakafin shan inna, ya san kamfanin ya zama gidan da maigida ya fita, kuma ba a gina rumfa a jikin bangon irin wannan gida. Maganarsa ta tsaya mini a rai. Ku da kuka daɗe a harkar, me kuka gani tun tafiyarsa? Manhajar sata kada ma a kawo mini ita, ba na so.

Sadiq Mai Gyara, Kano:
Wa alaikumus salam. Yaya kawo ta shago, minti arba'in na ɗora maka Windows 11 ko TPM ɗin babu, da Office ɗinta duka. Dubu biyar.

Abu Khalil, Zariya:
Sadiq, goma sha takwas na ce, ba ɗaya ba. Kuma layin ƙarshe na rubutuna ka sake duba shi.

Maman Ilham, Kaduna:
Ni dai shawarata ka sayi laftof, ta fi riƙe caji.

Baban Zahra, Kano:
Malam Abu Khalil, ka saurari kawunka. Ni ba labari aka ba ni ba, a jikina na gani.

Shekara goma sha huɗu na yi a wani kamfani a nan Kano. Mu ke haɗa wa makarantu da asibitoci kwamfutoci, mu rubuta musu manhajar lissafin kuɗin makaranta da ta albashi. Alhajin da ya kafa shi bai iya rubuta ko layi ɗaya na manhaja ba, amma yana da wani baƙin littafi mai bangon leda da ba ya rabuwa da aljihunsa. Duk kwastoma yana ciki: sunansa, bashin da ake bin sa, ranar da aka yi masa haihuwa. In makaranta ta kasa biya a zangon farko, sai ya ce a bar su, iyayen yara ba su sayar da amfanin gona ba tukuna. Da haka muka kai mu talatin da ɗaya.

Da jiki ya ƙi, sai ya miƙa wa babban ɗansa da ya dawo daga karatu. Wata uku ba a yi ba aka sallami tsofaffin ma'aikata biyar, wai albashinsu ya yi nauyi. Ɗaya daga cikinsu shi kaɗai ya san yadda manhajar albashin take aiki ta ciki. Aka sayi motoci biyu, aka canza kujerun ofis. Makarantar da ta yi jinkirin biya sai a kashe mata manhaja ana tsakiyar karɓar kuɗi. Kwastomomi suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, ba faɗa ba hayaniya. Ni wata bakwai ina zuwa aiki ba albashi, ina cewa don darajar Alhaji. Wata Litinin na zo na tarar da kwaɗon mai gida a ƙofa. Dardumata da kofin shayina suna ciki, ta taga ina hango su, har yau ban karɓo ba. Na je gaida Alhaji a gida, yana kan kujera, littafin nan yana gefensa. Bai tambaye ni komai ba, ni ma ban iya faɗa masa ba. Yarinyata ta rasa shekara guda a makaranta saboda wannan.

Kamfani mai shi ne. In ya tafi, suna ne ya rage.

Maman Ilham, Kaduna:
Innalillahi. Allah ya musanya maka da mafi alheri, Baban Zahra. Haƙƙinka kuwa ba zai tafi a banza ba. Kai ba ka kai ƙara ba?

Baban Zahra, Kano:
Hajiya, in kai ɗan Alhaji kotu uban yana kwance? Ba zan iya ba. Biyu daga cikinmu sun kai, har yanzu ɗage zama ake yi.

Ɗan Barno:
Irin haka ta faru da gidan burodin unguwarmu. Tsohon na rasuwa 'ya'ya suka raba har da tanda.

Injiniya Mamman, Siyatil:
Baban Zahra, labarinka ya taɓa ni ƙwarai, Allah ya saka maka. Amma ina ganin ba daidai ba ne a auna Microsoft da shi. Ina zaune a Amurka, kusa da Redmond inda hedikwatarsu take, maƙwabtana da dama can suke aiki.

Gates bai fita dare ɗaya ba, kuma ba ɗansa ya bar wa ba. Shi da Paul Allen suka kafa kamfanin a 1975. A Janairun 2000 ya sauka daga shugabanci ya ba Steve Ballmer, wanda yake tare da su tun 1980. A Yunin 2008 ya daina zuwa aiki kullum ya koma gidauniyarsa. A 2014 ya bar kujerar shugaban hukumar daraktoci, a Maris ɗin 2020 ya fita daga hukumar gaba ɗaya. Shekara ashirin yana janye jiki.

An yi tuntuɓe, ba a musu. Windows Vista ta sha suka, Windows 8 ta rikita mutane da ta cire maɓallin Start. Waya ta wuce su: sun sayi sashen wayoyin Nokia a kan dala biliyan bakwai da 'yan kai, shekara ɗaya bayan kammala cinikin suka rubuta shi a asara. Amma ko a zamanin Ballmer kuɗin shiga ya ninka kusan sau uku. Da Satya Nadella ya karɓa a Fabrairun 2014, shi ma tsohon ma'aikaci ne tun 1992, sai ya karkata ga Azure, wato ba kamfanoni hayar manyan kwamfutoci ta intanet. Darajar kamfanin ta haura dala tiriliyan ɗaya a 2019, ta haura uku a Janairun 2024.

Don haka ka gaya wa Kawu rushewa ba ita ce abin tsoro ba. Abin da zai duba shi ne inda hankalinsu ya koma. Burin zamanin Gates shi ne kwamfuta a kan kowane tebur da kowane gida, mai cibiya irin taka yana tsakiyar wannan buri. Yau babban kuɗin yana wajen manyan kamfanoni da biyan kuɗin wata-wata da fasahar AI. Gidan yana nan daram, ƙofar ce aka juya wani gefen.

Sadiq Mai Gyara, Kano:
Injiniya da girmanka, tiriliyan nawa ne zai sa wa Malam mai a janareta? Kai kana inda ba a ɗauke wuta. Mu da muke kwance kwamfuta kullum mu muka san abin da ke ciki, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Injiniya Mamman, Siyatil:
Ɗan'uwa, a Tudun Wada na girma, da fitilar ƙwai na yi karatun sakandare. Tambayar Malam a kan makomar kamfanin ce, ita na amsa.

Malam Tsoho, Katsina:
Ku duka yara ne a wannan harka. Ni a kan MS-DOS, wadda ta riga Windows, na fara koyarwa, da faifan nan mai faɗi da ake sakawa a rufe masa ƙofa. Lokacin da aka ce za a daina kula da Windows XP a 2014, haka aka tayar mana da hankali. Windows 7 ma a 2020 haka. Ga mu nan. Kuma abin da matasa ba su sani ba, an taɓa fitar da Windows da Office masu fuskar Hausa, na ɗora wa ɗalibaina, tsofaffin malaman makarantar allo ma sun zo kallo. Wanda bai ga wannan zamani ba ya yi haƙuri ya saurara.

Ɗan Barno:
Malam Abu Khalil ka yi sake. Da Gates ya zo Najeriya bikin 'yar Dangote a 2018, da ka kai Kawu sun gana sun ƙare magana, ya karɓo muku lasisi goma sha takwas a matsayin tukuici 😂

Maman Ilham, Kaduna:
Kai Ɗan Barno Allah ya shirye ka 😂

Abu Khalil, Zariya:
Na gode duka. To farashi fa? Nawa ake samun ta tebur mai firosesa Core i5 jenareshan na takwas yanzu? Daga nan ne Windows 11 take farawa a na Intel.

Sadiq Mai Gyara, Kano:
Dubu ɗari da tamanin ba allo. In goma za ka ɗauka a rage maka.

Ummu Hanif, Abuja:
Wace ɗari da tamanin? Watan jiya ofishinmu ya sayi shida, dubu ɗari biyu da sittin kowace, da allo da komai.

Sadiq Mai Gyara, Kano:
Hajiya wannan farashin ofis ne, akwai na mai sayowa a ciki.

Ummu Hanif, Abuja:
Ni na sayo, Sadiq. Ka iya bakinka.

Issoufou, Maraɗi:
Salamu alaikum. Nan wajenmu na samu jika tamanin da biyar na sefa ta hannu, amma ku lura, masu zuwa daga Faransa allon rubutunsu AZERTY ne. Yaron da ya koyi bugu a kansa in ya shiga ɗakin jarrabawa a Najeriya zai nemi A ya samu Q.

Injiniya Mamman, Siyatil:
A haɗa da kuɗin lasisi. A shagon Microsoft Windows 11 Home dala 139 ce, Pro dala 199. Sai dai yawancin kwamfutocin ofis na hannu suna zuwa da lasisinsu a jikin na'urar, ka duba kafin ka biya. Akwai kuma tsarin ƙara wa Windows 10 wa'adin tsaro: dala 30 ga mutum ɗaya zuwa Oktoban 2026, na 'yan kasuwa dala 61 kowace kwamfuta a shekarar farko, kuma yana ninkawa duk shekara.

Ɗan Barno:
Ni dubu huɗu na sayi makullin lasisi a intanet, shekara biyu ke nan yana aiki.

Ummu Hanif, Abuja:
Ni ma na taɓa saya wajen wani, dubu bakwai. Wata biyar ya mutu, na kira lambar a kashe. Araha ba ta ado.

Mujahid, Jos:
Duk kun bar hanya mai sauƙi. Linux Mint da LibreOffice, mai yin aikin Word da Excel, kyauta ne, halal ne, kuma tsofaffin kwamfutocin za su fi gudu. Ni shekara shida ban taɓa Windows ba. Shi kansa Microsoft ɗin da a da yake yaƙar Linux, yanzu ya saka ta cikin Windows, ya kuma sayi GitHub, dandalin masu rubuta manhaja, a 2018 a kan dala biliyan bakwai da rabi. Yaro in ya gane yadda ake lissafi a tebur ɗin LibreOffice, Excel kwana biyu za ta ɗauke shi.

Ummu Hanif, Abuja:
Mujahid, ni nake zama a gwajin ɗaukar sakatarori a wajenmu. Muna ajiye mutum gaban Excel mu ba shi minti ashirin. Ba mu da kwana biyu. Na ga yarinya mai ƙoƙari ta fashe da kuka don ta kasa gano inda maɓalli yake. Iyaye kuma in sun biya kuɗi, takardar da aka rubuta Microsoft Office suke son gani.

Mujahid, Jos:
To ai shi ya sa muke nan inda muke. Kowa yana koyar da maɓalli, ba mai koyar da tunani.

Malam Tsoho, Katsina:
Kai yaro, ɗalibai nawa ka yaye da za ka faɗa mana haka?

Baban Zahra, Kano:
Ku bar gardamar Linux. Injiniya ya faɗi wata magana da ta hana ni barci jiya: shekara ashirin mutum yana janye jiki, kuma wanda ya yi aiki ya bar wa. Da Alhajinmu ya miƙa wa manajanmu da ya yi shekara goma sha takwas tare da shi, wallahi da yanzu ina da aiki. Me ya sa mu a nan ba ma iya haka? Ku lissafa shagunan Kantin Kwari da kamfanonin Bompai da Sharaɗa da suka mutu tare da masu su.

Maman Ilham, Kaduna:
Gado ne, Baban Zahra. Ana rasuwa kowa sai a ba shi kasonsa a hannu, ba mai yarda a bar dukiya a haɗe a riƙa raba riba.

Malam Tsoho, Katsina:
Na Bompai da Sharaɗa kada a ɗora wa 'ya'ya duka. Wuta ce ta kashe da yawansu, da kayan waje masu araha. Masaƙun Kaduna gado ne ya rufe su?

Sadiq Mai Gyara, Kano:
Yauwa Baba, yanzu ka zo wajen. Jiya awa uku muka samu. Kuɗin da na kashe a mai watan nan ya fi kuɗin hayar shago. Kuma takardar kuɗin wuta ta zo kamar mun kwana da ita.

Ummu Hanif, Abuja:
Mu an ce muna layin da ake ba awa ashirin, kuɗin awa ashirin muke biya, wutar kuwa in ta kai goma mun gode Allah.

Abu Khalil, Zariya:
Jama'a, ranar Asabar zan zauna da Kawu, kuma har yanzu ban san me zan ce masa ba. In na sayi takwas masu Windows 11 na haɗa da ukun nan, sauran na sa musu Linux don masu koyon bugu da 'yan JAMB, ragowar kuɗin zai isa sola?

Issoufou, Maraɗi:
Ya danganta da batir. Na lithium za ka sa ko na ruwa?

Sadiq Mai Gyara, Kano:
Na ruwa kada ka soma, zafin Afrilu ɗaya zai gama da shi. Akwai wani ɗan'uwana mai haɗawa, bari in tambaye shi nawa ne yanzu, don na makon jiya ya tashi.