Neman shawara: a ina zan huda tanderun bandar kifi na hannu don saka ma'aunin zafi?

Mai kiwon tarwaɗa, Gombe:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina kiwon tarwaɗa a bayan gidana a nan Gombe, kuma tun da abincin kifi ya yi tashin gwauron zabo na ga sayar da ɗanye ba ya fitar da ni, shi ya sa na koma banda. Watanni biyu da suka wuce na sayi tanderun banda na hannu, irin na ƙarfe mai siffar kabad, mai raga biyar a jere, da aljihun gawayi a ƙasa da bututun hayaƙi a sama. Ma'aunin zafi mai allura da ke jikin ƙofarsa ya mutu tun a hannun mai shi na farko, domin allurar tana tsaye wuri guda ko da wuta ko babu.

A zubi na uku na tafka asarar da har yanzu take damuna. Kifin ragar ƙasa ya ƙone har fatarsa ta tsage, na ragar sama kuwa ya yi kyau a ido, amma bayan kwana huɗu a kwali sai na tarar ya fara fumfuna ta cikinsa. Daga nan na sayi ma'auni mai batir, mai tsinken ƙarfe biyu, kowanne da doguwar waya. Na bi da wayoyin ta bakin ƙofa na rufe, kafin mako ya zagayo ƙofar ta tauna ɗaya ta daina aiki. Yanzu na sayo wata, kuma ina son in huda jikin tanderun. A wane wuri ya kamata in huda, yaya girman ramin zai kasance, kuma me zan yi kada hayaƙi da zafi su riƙa tserewa ta wurin?

Mai walda, Bauchi:

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya mayar da alheri. Kafin ka taɓa komai, ƙwanƙwasa bangon da ɗan yatsa, ka kuma duba kaurinsa ta bakin ƙofa. Yawancin irin wannan tanderu bango biyu ne da shi, da audugar gilashi a tsakani mai riƙe zafi. Idan haka naka yake, huda kawai ba ta wadatar ba, domin audugar za ta riƙa zubowa ta ramin tana sauka a kan kifi, maiƙo kuma ya riƙa shiga yana jiƙa ta. Abin da muke yi shi ne mu yanko guntun bututun ƙarfe mai tsawon kaurin bangon, mu zura shi a ramin, mu ɗaure shi da noti ciki da waje, sai tsinken da wayarsa su bi ta cikinsa.

Da dirila, wato injin huda ƙarfe, za a huda. Kada ka yarda a huda maka da wutar walda, domin tana barin baki mai kaifi wanda zai yanke wayar fiye da yadda ƙofa ta yi, sannan idan ƙarfen mai rufin zinki ne, irin na kwanon rufi, hayaƙin da yake fitarwa a wutar walda yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Rami mai faɗin milimita 8 zuwa 10 ya ishi yawancin tsinkaye, amma ka tafi da naka wurin mai aikin ya auna, musamman idan yana da lanƙwasa a gindi. Bayan hudawa a goge bakin da zarto mai laushi ko takardar yashi, a share garin ƙarfen tsaf. Ta gefe za a huda, kuma a yi nesa da aljihun gawayi, tun da tsinken yana jure zafin da wayar ba ta jurewa. Wajen toshewa, a nemi roba ta silikon mai jure zafi, kada a sa robar tayar keke ko leda. Tun da na hannu ne, bayan an gama ka kunna masa wuta mai ƙarfi babu kifi a ciki, domin tsohon maiƙo da duk wani fentin da bai dace ba su ƙone.

Mai bandar kifi, Dadin Kowa:

Sannu da ƙoƙari ɗan'uwana. Maganar Malam mai walda ta yi daidai, sai dai ina ganin damuwarka da tserewar hayaƙi ta fi ƙarfin matsalar. Rami kamar kan biro ba zai rage maka komai ba a tanderun da yake da bututu a buɗe a samansa. Wurin da kan tsinken zai tsaya shi ne abin dubawa.

Na shekara da shekaru ina bandar kifin madatsar ruwan nan, da tafin hannu nake gane zafi kafin 'ya'yana su kawo mini ma'auni, kuma abin da ma'aunin ya fara nuna mini shi ne tanderu ɗaya ba zafi ɗaya ne da shi ba. Don haka ina ba ka shawara ka yi rami uku, ɗaya daidai ragar ƙasa, ɗaya a ta tsakiya, ɗaya a ta sama, wanda ba ka amfani da shi ka toshe shi da ƙusa mai noti. Tsinken da zai auna iskar ciki ya tsaya kamar yatsa biyu a saman raga, kada ya taɓa ƙarfe, kada ya jingina da ɗanyen kifi, kuma ya shiga ciki sosai, domin kusa da bango ya fi sanyi, balle a lokacin hunturu da iska ke bugun ƙarfen. Ɗayan kuma ka soka shi a tsokar kifin da ya fi kowanne girma, a bayan kai inda nama ya fi kauri, ba tare da ya taɓa ƙashi ba. Da zarar ka ga tazarar da ke tsakanin sama da ƙasa, za ka san lokacin da za ka riƙa musanya ragogin. Ka kuma duba ko akwai farantin da ke tare maiƙo tsakanin garwashi da ragar ƙasa, don ina kyautata zaton rashinsa ne ya ƙona maka kifi. Tarwaɗar kiwo tana da kitse, idan ya ɗiga a garwashi wuta ce take tashi.

Malamar kimiyyar abinci, Bauchi:

Ina son in ƙara abu biyu a kan bayanin Hajiya mai bandar kifi. Na farko, a gwada ma'aunin kafin a amince da shi. A cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara da ɗan ruwa, a tsoma kan tsinken, ya kamata ya nuna sifili. A tafasasshen ruwa kuwa, a Gombe ko Bauchi zai nuna wajen digiri 98 ko 99, bai kai 100 ba, saboda garuruwan suna kan tudu idan aka kwatanta da bakin teku, kuma wannan ba lalacewa ba ce. Kan tsinken kaɗai za a tsoma, domin ruwa idan ya shiga mahaɗar tsinke da waya yana kashe shi. A kuma lura da harafin da ke gefen lamba, C ne ko F, tun da digiri 63 na Salsiyos shi ne 145 na Faranhait.

Na biyu, digiri 63 na Salsiyos a cikin tsoka yana nuna kifi ya dahu, amma bai nuna ya bushe ba. Fumfunar da ka gani ta ragowar danshi ce. Bayan dahuwa sai a rage wuta, a bar bututu a buɗe tururi ya riƙa fita, a ci gaba da busarwa na sa'o'i masu yawa, sannan a bar kifin ya huce sarai kafin ya shiga kwali.

Mai kiwon tarwaɗa, Gombe:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, zatonki ya tabbata, na leƙa na ga maƙalan farantin maiƙo suna nan amma farantin babu shi. Bangon kuma biyu ne kamar yadda Malam ya faɗa. Na gwada tsinkayen a ƙanƙara, sabon ya nuna sifili, tsohon ya nuna digiri 2, don haka sabon zan riƙa sokawa a kifi. Gobe zan kai tanderun a yi rami uku da bututunsu, a kuma yanka mini faranti. Malam mai walda, farantin na baƙin ƙarfe zan sa a yi, ko akwai wanda ya fi shi jure maiƙo da gishiri?