Littafin buɗe wasan ches na Polyglot: yaya ake nemo motsi a cikinsa?

Tambaya:
Salam 'yan uwa. Fayil ɗin .bin na Polyglot, wato littafin da manhajar ches ke duba motsin farkon wasa a cikinsa, ba ya ajiye jerin motsin ches kamar yadda PGN (tsarin rubuta wasa motsi bayan motsi) ke yi. To ta yaya manhaja ke gane inda wasa ya kai? Kuma me ke sa ta samo motsin farko, amma da an buga e4 (sojan gaban sarki ya yi taku biyu zuwa gidan e4) sai littafin ya ɓace mata?

Amsa ta 1:
Wa alaikumus salam. Littafin bai damu da hanyar da aka bi ba, yanayin allo kawai yake dubawa. Dabarar Zobrist ce ta 1970: akwai teburin lambobi 781, kowace mai bit 64. 768 na 'ya'yan wasa ne (iri 12 a gida 64), 4 na damar kaslin (motsa sarki da hasumiya tare), 8 na cin-wucewa (en passant, cin sojan da ya yi taku biyu ya tsaya a gefen naka), ɗaya ta nuna cewa fari ne da wasa. Sai a ɗauki lambobin da suka dace da yanayin allon, a haɗa su ta hanyar XOR (lissafin gauraya bit da bit), makulli ya fito, wato lamba ɗaya mai wakiltar allon. Shi ya sa d4 Nf6 c4 e6 da c4 e6 d4 Nf6 suke faɗawa wuri ɗaya. Kowane layi a fayil ɗin bayit 16 ne: makulli 8, motsi 2, nauyi (fifikon motsin) 2, sauran 4 na koyo, waɗanda galibi ba a taɓa su. An jera layukan bisa makulli, don haka raba-biyu ake yi wajen nema, wato a duba tsakiya, a bar rabin da makullin ba ya ciki, a maimaita.

Amsa ta 2:
Malam, matsalarka ta e4 kusan kullum cin-wucewa ce. Ba a saka lambarta don kawai soja ya yi taku biyu. Sai in akwai sojan abokin karawa a gefensa. Bayan e4 babu, to kar ka saka, ko da FEN (layin rubutu mai bayyana yanayin allo) ta rubuta e3. Gwada: makullin allon farko ya kamata ya zama 463b96181691fc9c, bayan e4 kuma 823c9b50fd114196. Idan na farkon ma bai fito ba, teburinka ne ba na Polyglot ba. Lambobin da ka ƙirƙiro da kanka ba za su buɗe littafin wani ba.

Amsa ta 3:
Ƙari kaɗan. Babban bayit na kowace lamba ne a gaba a fayil ɗin, sai ka juya bayit ɗin a kwamfutar x86 (irin ta Intel ko AMD), domin ita ƙaramin ne take sawa a gaba. Kaslin kuma e1h1 ake rubuta shi, ba e1g1 ba, kamar sarki ya ci hasumiyarsa. In raba-biyu ya sauke ka a tsakiyar layuka masu makulli ɗaya, ja baya zuwa na farkonsu, sannan ka zaɓa gwargwadon nauyi. Kuma ka tabbatar motsin halas ne kafin a buga.