Tambaya kan auna ƙwaƙwalwar da za a iya cetowa bayan shanyewar ɓarin jiki

Assalamu alaikum, likitocin hoto. Dattijo ne daga wani ƙauye a Ringim, ya iso Kano awa 9 bayan hannunsa na dama ya mutu, magana ta ɗauke. A hoton CT na gudun jini, wurin da jini ya gaza kashi 30 cikin 100 na wanda ke gudana a ɓarin ƙwaƙwalwa mai lafiya, girmansa mililita 22 ne, wato abin da ya riga ya mutu. Amma da aka sa Tmax (ma'aunin jinkirin isowar jini) sama da daƙiƙa 6 don gano wurin da za a iya cetowa, kusan duk ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ya rine a hoton.

Jijiyar wuyansa ta hagu ta daɗe da ƙuntacewa, don haka ban yarda da lissafin ba. Dole jini ya makara ko ba sabuwar toshewa. Shin in ɗaga ma'aunin zuwa daƙiƙa 10, ko in sake zaɓar jijiyar da kwamfuta take aunawa da ita? Don Allah ku taimaka, lokaci na ƙurewa.