Kuɗin fursuna ne ko na ɗaukaka sunan shugaba?

Ɗan Dattijo: Jama'a, abin nan ya ishe ni. Ƙungiyoyin bishara a gidajen yarin Amurka sun tsiri wata ɗabi'a. Shugaba ya yi shekara 30 yana aiki, ya yi ritaya, sai a buɗe waƙafi da sunansa. A tara, a ce, dala 100,000, a kulle, a riƙa cire kashi 4 ko 5 cikin ɗari duk shekara, wato dala 4,000 zuwa 5,000. Sauran na kwance, fursuna kuwa yau yake buƙatar Littafi Mai Tsarki da mai ziyara. Wa ake girmamawa a nan?

Akawu: Ɗan'uwa, kuɗin ba kwance yake ba. Da farko ana rubuta yarjejeniya da masu bayarwa, a faɗi aikin da kuɗin zai yi. Kwamitin amintattu ya zuba shi a hannun jari da takardun lamuni. Kason nan ba daga darajar yau ake lissafa shi ba, yawanci matsakaicin darajar shekara 3 ake ɗauka, don kada faɗuwar kasuwa ta shekara guda ta tsayar da aiki. In ka cire kashi 5 cikin ɗari, masu juya kuɗin suka ci 1, tsadar kaya ta ci 3, sai asusun ya kawo ribar kashi 9 kafin ya tsaya inda yake. Inda ake yin kuskure ke nan, a cire da yawa, uwar kuɗi ta zaizaye ba a sani ba.

Malamin Lahadi: Ku dakata. Waƙafi kuma? Yaushe ikilisiya ta fara waƙafi? Baiko muka sani.

Maman Biyu: Haba Malam, ai zakka ma muna cewa a coci, ba wanda ya taɓa tashi ya fita. Hausa ce. Baiko a faranti ake sawa, a kashe shi a watan.

Ɗalibin Fiƙihu: Ku yi haƙuri in sa baki. Mama ta yi gaskiya, kalma ba ta da shinge. Amma waƙafi yana da sharaɗi: a tsare asali, a yi sadaka da amfaninsa. Haka aka yi da gonar Sayyidina Umar a Khaibar, ba a sayarwa, ba a kyauta, ba a gado. In ana taɓa uwar kuɗi, a nema masa wani suna.

Akawu: To ana taɓawa, Malam. A tsohuwar dokar 1972 ta irin wannan asusu a Amurka, asusu in ya faɗi ƙasa da abin da aka fara sawa, an taƙaita cirewa. Ta 2006, UPMIFA, ta ba amintattu dama su ci gaba da cirewa bisa hankali ko asusun ya faɗi ƙasa da haka. Duk jihohi sun karɓe ta ban da Pennsylvania, wasu kuma sun ce wuce kashi 7 alamar ganganci ce.

Malamin Lahadi: Kun ji ko? Mai kalmar da kansa, Ɗalibin Fiƙihu, ya ce ba ita ba ce.

Maman Biyu: Bai ce shi ne mai kalma ba. Kada ka sa masa magana a baki.

Ɗan Dattijo: Ni fa maganar fursuna na kawo.

Ɗan Kwaya: Ka ce girmamawa, to wa ya fi Chuck Colson, tsohon hadimin shugaban Amurka Nixon, cancanta? Ya yi wata 7 a kurkuku bayan badaƙalar siyasa ta Watergate, ya fito ya kafa ƙungiyar bishara ga fursunoni ta Prison Fellowship a 1976. Kyautar Templeton ta fannin addini da ya samu a 1993, kuɗin ga ƙungiyar ya miƙa.

Maman Biyu: Kullum Colson. Angel Tree da ke kai wa 'ya'yan fursunoni kyautar Kirsimeti, Mary Kay Beard ce ta fara a 1982, ita ma tsohuwar fursuna. Wa ke ambatonta? Mace ce ai.

Ɗan Kwaya: Mama, kin mai da shi rikicin zumuntar mata.

Akawu: Ga dalilin da ya sa ake neman kuɗi mai ɗorewa: ba a dogara da kuɗin gwamnati. A 2006 kotun tarayya ta ce kuɗin gwamnatin jihar Iowa da ke shiga InnerChange, shirin addini na Prison Fellowship a kurkukun Newton, ya saɓa wa tsarin mulki, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2007. Matsalar asusun da aka buɗe da sunan mutum ɗaya ce, ƙunci a sharaɗi. In aka rubuta kurkuku kaza kaɗai, aka rufe shi, sai an koma wurin mai bayarwa ko kotu.

Malamin Lahadi: Bari in taƙaita, dare ya yi. An yi ittifaƙi cewa waƙafi ba sunansa ba ne, masana biyu sun tabbatar. Daga yau a ce baikon dindindin. Lissafin Akawu mai buƙata ya karanta.

Maman Biyu: Ittifaƙi da wa?