Ɗan da Ya Ce "To" da Ɗan da Ya Tafi Gona

Ɗan Sabon Gari:
Salama, 'yan'uwa. Misalin 'ya'ya biyu da Yesu ya bayar a Matiyu 21:28-32 ya hana ni sakat. Ga nawa baitin, a ba ni amsa da waƙa.

Uba ya kira ɗansa ya ce, "Tafi gona,
Yau akwai aikin inabi, ka je, ya ɗana."
Na farin ya ce, "Na ƙi," ya juya ya zauna,
Daga baya ya tuba, ya je tun da sauran rana.
Na biyun ya ce, "To, Baba," da murya mai ƙauna,
Amma ko ƙeyarsa ba a gani ba a gona.
Mu da ke cika sujada ran Lahadi da murna,
Litinin a Kantin Kwari, wanne cikinsu muka nuna?

Mamar Zumunta:
Ɗana, buɗe Luka 19 ka duba Zakka,
Shugaban masu karɓar haraji, a Yariko yake harka.
Gajere ne, ya hau itace, taro ya hana shi leƙa,
Yesu ya ɗaga ido ya ce, "Zakka, maza sauka,
Yau lalle ni baƙo ne a gidanka."
Bai biya da hawaye ba, bai biya da waƙa,
Rabin dukiyarsa ya ba matalauta, ba shakka,
Wanda ya cuta kuwa, ninki huɗu ya ce zai miƙa.
To kai mai awon gero a Dawanau, ga naka:
Mudun da ka sayo da shi, auna wa maƙwabcinka.

Malamin Lahadi:
Mama, na rusuna, amma ina da abin cewa,
Kada mu mai da ceto kamar hajar sayarwa.
Yesu ya kira Zakka da suna tun kafin bayarwa,
Alheri ya shiga gida, sannan hannu ya soma buɗewa.
Bitrus, almajirin Yesu, ya taka ruwa, da ya ga iska ya fara nitsewa,
"Ubangiji, ka cece ni!" iyakar abin da ya iya faɗawa.
Nan take aka miƙa hannu, ba a bar shi ga halakawa,
Faɗan ƙarancin bangaskiya sai bayan kamawa.

Mamar Zumunta:
Malam, alheri ne tushe, ban musa shi,
Amma Matiyu 7 ma kada a tsallake shi.
Magina biyu, wa'azi ɗaya, kowa ya ji shi,
Mai aikatawa ya gina kan dutse, ɗayan kan yashi,
Ruwa da iska suka zo, na yashin suka rushe shi.

'Yar Mawaƙa:
Ku yi haƙuri, ni ban iya waƙa kamarku ba, amma maganar nan ni take taɓawa.

Iyayena, ku ji ni, a shagon yadi nake aiki,
Maigida ya ce in kira na jabu mai kyau da baki.
In na ƙi, wa zai biya mini kuɗin ɗaki?
Bangaskiyata ƙarama ce, ku kawo mini ɗauki.

Malamin Lahadi:
Ƙanwata, manzanni ma sun ce, "Ƙara mana bangaskiya,"
Yesu ya ce ko kamar ƙwayar mastad take, itace zai yi biyayya.
Bai ɓoye tsadar bin sa ba: mai son gina hasumiya
Sai ya zauna ya lissafa, kada ya kasa a hanya.
Ba zan ce miki babu asara a faɗin gaskiya,
Akwai ta, kuma ba ke kaɗai za ki ɗauka ba, tare muke tafiya.

Mamar Zumunta:
'Yata, ki same shi da ladabi, ki tausasa harshenki,
Ki ce yadin za ki sayar, amma da sunansa na ainihi a bakinki.
In ya yarda, mun gode wa Allah, ki riƙe aikinki,
In ya sallame ki, gidana akwai ɗaki.
Mu matan zumunta za mu nema miki wani aiki,
Lahadi bayan sujada ki tsaya, ina jiran ki.