"Allah ya ce tashi in taimake ka": wai a ina ya ce?

Ɗan Mabera: Jama'a barkanmu da war haka. Maganar nan ta kusa tarwatsa taron ikilisiyarmu ran Lahadi. Fasto ya sanar da azumi da addu'a saboda abin da ke faruwa wajen Isa da Sabon Birni, da 'yan gudun hijirar da sunka cika gari. Wani dattijo ya miƙe ya ce azumi ya yi, amma a haɗa da tara hatsi, kuma kowa ya je ya karɓo katin zaɓe, don Allah ya ce tashi in taimake ka. Sai shugabar zumuntar mata ta ce, "Baba, wace sura, wace aya?" Baba ya yi ta juya shafi har anka yi addu'ar rufewa. Ku me kuka gani?

Malamin Lahadi: Mama ta kama shi, babu ita a Littafi. Amma da Baba ya buɗe Fitowa 14 da ya tsira. A aya ta 14 Musa ya ce wa jama'a su natsu, Ubangiji zai yi yaƙi dominsu. Aya ta 15 kuma Ubangiji ya tambayi Musa dalilin yi masa kuka, ya ce a gaya wa mutane su yi gaba. Ayoyin maƙwabtan juna ne, mu ne kowa ke tsinkar wadda ta yi masa daɗi.

'Yar Gawon Nama: Ni ba ayar ce ta dame ni ba, bakin da maganar ke fitowa ne. Ban taɓa jin talaka ya faɗa wa mai kuɗi ita ba. Kullum wanda ya ƙoshi ne ke jefa wa mai roƙo, don kada ya sa hannu a aljihu. Matar da aka kore ta daga gonarta da bindiga, ta tashi ta yi ina?

Malamin Lahadi: Ai ba ita aka ce ta tashi ba, Anti. Mu masu rufin kwano aka ce. Nehemiya addu'a ya yi, ya kuma sa masu tsaro dare da rana, garun ya ƙare cikin kwana 52.

Mai Albasa: Nehemiya bai ba surukinsa kwangilar ba shi ya sa. Da namu ne, yau ana bikin aza harsashi karo na huɗu.

Direban Illela: Hahaha! Ai 'yan siyasarmu sun fi kowa riƙo da karin maganar. Su tashi su taimaki kansu, mu kuma a ce mu dage da yi wa ƙasa addu'a. Akwai wani, kafin zaɓe Juma'a yana sahun gaba, Lahadi yana kujerar gaba da ambulan ɗin baiko. Yanzu ko karensa ba ya amsa gaisuwa.

Jikar Amanawa: Ku bari in ba ku labarin kakata, Allah ya jiƙan rai. Tana budurwa ta yi aiki a asibitin kutare na Amanawa, lokacin yana hannun mishan na SIM. Aikinta wanke gyambo da naɗa bandeji. Ta ce in ta kwance tsumman jiya, warin kan sa sabuwar ma'aikaciya ta fita da gudu, ita kuwa sai ta kama waƙar sujada da ƙarfi don kada majinyacin ya ga ta yamutsa fuska. Da munka tambaye ta ko a lokacin addu'a take ko aiki, sai ta ce mu ba ta wuri.

Amma ba wannan nake so in faɗa ba. Shekarar farin nan ta 1973, tana da aure da 'ya'ya, rumbu ya koma wayam. Tana da irin gero ɗan kaɗan, ta zuba a tulu, ta barbaɗa toka, ta liƙe bakin da laka ta tura ƙarƙashin gado. Yara na kukan yunwa, kakanmu ya ce a fasa a daka, Allah da ya ba da wannan zai ba da wani. Ta hau kan gadon ta zauna, ta ce sai dai ya fasa ta tukuna. Har ƙararta ya kai wajen dattawan majami'a, wai matarsa ba ta da bangaskiya. Dattawa sunka zo, ta shimfiɗa musu tabarma, ta ba su ruwa, tulu dai bai fito ba.

Da bazara ta kama, maza na taruwa roƙon ruwa, ita sai ta riƙa sammako da sungumi tana binne a busasshiyar ƙasa. Rabin irin kawai ta binne. Yayyafi ya sauka, ya tsiro, rana ta ƙone shi ƙurmus. Kakanmu ya ce, "Kin gani?" Ba ta tanka ba. Da ruwan gaske ya zo ta fito da sauran rabin, ta ɗebi wani abu a ƙoƙo ta aika wa maƙwabcinmu liman, don shi ya riga ya cinye nasa. A bikin godiyar kaka, kakanmu ne ya miƙe ya ba da shaida cewa Ubangiji ya amsa addu'arsa!

Mai Albasa: Kai! Kakanku ya cancanci kujerar majalisa.

'Yar Gawon Nama: To ai labarin nan gefen Mama shugabar mata yake. Wa ke zuba iri a ƙasar da ba ta ga ruwa ba in ba mai bangaskiya ba?

Direban Illela: Mai bangaskiyar da ta ɓoye rabi? Wannan lissafi ne, Hajiya.

'Yar Gawon Nama: Ba Hajiya ba ce ni, amma na karɓa, Allah ya sa ka biya kujerar.

Almajirin Hubbare: Ni baƙo ne cikin zancenku, amma mu ma muna da ita. Wani ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka ce ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Liman ɗin da anka kai ma iri, Allah ya sa ya rama.

Jikar Amanawa: Ya rama, Malam. Har ta rasu ba a taɓa yanka ragon layya gidansu ba a kawo mata cinya ba.

Ɗan Katolika: Mu tun zamanin Abacha muke karanta addu'ar Najeriya cikin ƙunci a coci. Amma ba nan aka tsaya ba. Ranar 1 ga Maris 2020 bishop-bishop ɗinmu sun sa baƙaƙen kaya sun yi tattaki a Abuja kan kashe-kashe. Bishop Kukah da ke nan Sakkwato tare da mu tun 2011 yana cikin kwamitin zaman lafiya na Janar Abdulsalami, wanda ya zaunar da Jonathan da Buhari suka sa hannu kafin zaɓen 2015. Duk wanda ya ce coci durƙuso kawai ta iya bai bibiya ba.

Mai Albasa: Addu'a tun Abacha, tattaki tun 2020, ƙuncin kuma sai ƙiba yake. Ko dai adireshin ne ba daidai ba?

Malamin Lahadi: Ka kiyayi bakinka, Mai Albasa.

Direban Illela: Ni tambayata ga Jikar Amanawa. Toka kaɗai ta hana ƙwari cin geron? Mu a wajenmu har da barkono ake sawa.

Jikar Amanawa: Toka na ji ta ce. Ko akwai barkono a shekarar nan ai da miya ya tafi.

Mai Albasa: Barkono a wake ake sa shi, Direba, ba gero ba. Kai dai riƙe sitiyari.

Direban Illela: Zo Illela ran kasuwa in nuna maka.