Neman kalmar Hausa: me za mu kira "papacy"?

Tafinta:
Salama, malamai. Kalmar "Fafaroma" ta zauna, ko da yake wasu na rubuta "Paparoma". Abin da muka rasa shi ne sunan muƙamin kansa, wanda Turawa ke kira "papacy", Larabawa kuma "al-babawiyya". A labarai kome ya taso sai a ce "Fadar Vatikan". Ni dai na kawo "fafaromanci", bisa tsarin limanci da alƙalanci. Me kuka gani?

Malamar Hausa:
Malam Tafinta, ginin kalmar ba shi da aibi, amma ɗafin "-nci" yana ɗaukar kaya da yawa. Yana nuna muƙami a limanci, harshe a Turanci, addini ko aƙida a Kiristanci da Yahudanci. Wanda ya ci karo da "fafaromanci" a kanun labari zai zaci wata ɗariƙa ce ta masu bin Fafaroma. Sannan kalmar Turancin aiki uku take yi: muƙamin, da hukumar da ta daɗe a tarihi, da wa'adin mutum ɗaya. Na ukun ba ya bukatar ƙirƙira. "Zamanin Fafaroma Francis, 2013 zuwa 2025" ya wadatar, kamar yadda muke cewa zamanin Sarki Abdullahi Bayero.

Edita:
To me zai hana "sarautar Fafaroma", ko "halifanci"? Kiristocin Larabawa da kansu suna kiransa halifan Bitrus.

Fada:
Ranka ya daɗe Edita, bari mu koma tushe, don daga can kalmar za ta fito. Mutum yana zama Fafaroma ne saboda shi ne Bishop na Roma, ba akasin haka ba. A koyarwar Katolika, Yesu ya ba Bitrus matsayi na musamman cikin manzanni: a Matiyu 16:18-19 ya kira shi dutsen da za a gina ikilisiya a kai, ya ba shi mabuɗai, a Yohanna 21 kuma ya danƙa masa kiwon tumakinsa. Bitrus da Bulus sun yi shahada a Roma a zamanin Sarki Nero. Wajen shekara ta 180, Ireniyus na Liyon ya jera sunayen bishop-bishop na Roma tun daga Linus, don ya nuna koyarwar ba ta yanke ba. Ikon ya ƙara fitowa fili a hankali, musamman da Leo na Ɗaya, 440 zuwa 461, wanda aka karanta wasiƙarsa a babban taron bishop-bishop da aka yi a Kalsidon a 451.

Shi kuwa "papa" daga Girkanci yake, ma'anarsa baba. An kira Bishop na Iskandariya da shi tun ƙarni na 3, kuma har yau shugaban cocin Kibɗawan Masar, Tawadros na Biyu, yana amsa shi. Kada a kira shi Fafaroma, domin kalmarmu tana ɗauke da Roma a cikinta.

"Halifanci" daidai ne a Larabci, amma kunnen Bahaushe zai tafi Sakkwato ko wajen halifofin ɗariƙu. "Magajin Bitrus" ya fi dacewa da mutumin. Ga muƙamin kuwa, Ikilisiya da kanta da kujera take kwatanta shi. Kujerar koyarwa ta Bishop na Roma tana cocin Yohanna na Lateran, ba a cocin Bitrus da ake gani a talabijin ba. Ina ba da shawarar "Kujerar Bitrus".

Malamin Tarihi:
Ina goyon bayan Fada a kan barin "sarauta", ko da yake tana da ɗan gaskiya. Daga 756, lokacin da Pepin sarkin Faranka ya ba da yankuna a tsakiyar Italiya, har 1870 da sojojin Italiya suka shiga Roma, Fafaroma mai ƙasa ne da haraji da dakaru. Amma muƙamin ya girmi wannan mulkin da ƙarnuka, kuma bai mutu da shi ba. Bulus na Shida ne na ƙarshe da aka ɗora wa kambi mai hawa uku, a 1963, ya kuma ajiye shi a 1964. Babu gidan sarauta, babu ɗa mai jiran gado.

Sarauta tana jawo "naɗi", nan ma ana tuntuɓe. Ba wanda ke naɗa Fafaroma. Da zarar wanda aka zaɓa ya ce ya karɓa, in dai bishop ne, ikon ya hau kansa nan take. Leo na Goma Sha Huɗu ya zama Fafaroma ranar 8 ga Mayu 2025. Bikin 18 ga Mayu, inda aka ba shi zoben masunci da ɗan mayafin ulu na kafaɗa, buɗe hidima ne kawai. Kadinalai sun yi kama da masu zaɓen sarki, sai dai ba gwamnan da suke kai wa sunaye. Karo na ƙarshe da wani sarki ya hana a zaɓi wani shi ne 1903, da Ostiriya ta tare Kadinal Rampolla, kuma Piyus na Goma ya haramta hakan a 1904.

"Fadar Vatikan" ita ce ta fi ɓatarwa. Ƙasar Vatikan an kafa ta ne da yarjejeniyar Lateran ta 11 ga Fabrairu 1929, hekta 44 kacal. Kusan shekara dubu Fafaromomi a Lateran suke zaune, daga 1309 zuwa 1377 kuma a Abinyon, cikin Faransa ta yau. Duk wanda ya rubuta "Fadar Vatikan" a kan waɗannan shekaru ya yi kuskuren tarihi. Ko jakadan Fafaroma da ke Abuja, "Holy See" yake wakilta, wato Kujera Mai Tsarki.

Katikis:
Baba Fada, a yi mini afuwa, "kujera" ba ta ji ƙamshin siyasa ba kuwa? Neman kujera, rasa kujera. Me zai hana "Gadon Bitrus"? A rubuce yana ba da ma'ana biyu, gadon sarauta da gadon da aka bari, kuma duka biyun sun dace.

Malamar Hausa:
Baba Katikis, a wa'azi wannan zai yi daɗi ƙwarai. A rediyo kuwa dole mai karanta labari ya zaɓi karin sauti ɗaya, ɗaya ma'anar ta faɗi. A takarda wani zai ɗauka dukiya ce Bitrus ya bari. Mu gwada da lokacin da babu Fafaroma, daga rasuwar Francis ranar 21 ga Afrilu 2025 zuwa 8 ga Mayu. Latin na kiran lokacin "sede vacante". "Kujera ba kowa" ta fito sarai. "Gado ba kowa" ɗakin kwana yake nunawa. Da "fafaromanci" ma ba za a iya faɗa ba.

Edita:
Na janye sarauta. Sai dai "Kujerar Bitrus" tana ɗauke da iƙirarin da Otodoks da sauran ɗariƙun Kirista ba su yarda da shi yadda Katolika ke faɗa ba. Jaridar da kowa ke karantawa ta yi amfani da "Kujerar Fafaroma", a bar "Kujerar Bitrus" ga rubutun Ikilisiya.

Fada:
Na amince. Kada dai a haɗa ta da Kujera Mai Tsarki, wadda ta ƙunshi Fafaroma tare da ma'aikatun da ke taimaka masa, kuma ita ce ke ƙulla hulɗa da ƙasashe.

Tafinta:
Na gode, malamai. Ga gwaji, a duba: "Kujerar Fafaroma ta yi kwana 17 ba kowa. Kadinalai 133, ciki har da Peter Okpaleke na Najeriya, sun kulle kansu a ɗakin ibada na Sistin, inda ake bukatar kashi biyu cikin uku, wato ƙuri'a 89. A zagaye na huɗu aka zaɓi Robert Prevost, wato Leo na Goma Sha Huɗu."

Malamar Hausa:
Ta zauna. Gyara ɗaya: a ce "aka kulle su", ba "sun kulle kansu" ba, domin bayan an umarci duk wanda ba mai zaɓe ba ya fita, masu gadi ne ke tsare ƙofar daga waje.